Gyambon Inna

Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, kuma a gidanmu wannan matsayi ba ya zuwa da wani gata. Mu Fulanin Tamawa ne a ƙasar Kurfi, irin waɗanda fillanci ya gudu ya bari tun zamanin kakanni, shanun ma suka bi bayansa sai 'yan ƙalilan, amma kunya ta ce ita tana nan daram. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In ta matsu sai ta ce "ke", in tana ba wani labarina ta ce "waccan", da na yi aure kuma na koma "ta Dutsin-Ma". Ranar da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, na tashi a ɗakinta, taku kaɗan daga ɗakin Inna. Ina zaune ina kallo take yi wa ƙannena kitso, ta shafa musu mai, ta ɗora kansu a cinyarta. Ni kuwa ko ƙaya ce ta soke ni, wurin kaka ake tura ni. Na ji haushin abin ina yarinya, na girma na gane al'ada ce, ganewar kuma ba ta kwashe haushin duka ba.

Ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina koyarwa a wata firamare a Dutsin-Ma, ƙanena ya kira ni a waya ya ce in zo in ga ƙafar Inna. Ashe tun bayan girbin dawa ta shiga gona korar awaki, tushiyar kara da aka sare a karkace ta yanke ta a ƙwauri, ɗan sama da idon sawu. Yankan bai kai a kira shi rauni ba. Ta barbaɗa toka ta ci gaba da harkarta. Da ya ƙi kamewa ta daka bagaruwa ta zuba, da ya fara ruwa ta sa aka sayo mata kafso ta buɗe ta zazzage garin a ciki, ta ɗaure da tsumma, ta ja zane har yatsu. Wata uku tana haka ba wanda ya sani, sai da matar ƙanena ta lura ƙudaje na bin tsohuwa duk inda ta zauna.

Na same ta a ƙofar ɗaki tana tsintar wake. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa faifan da ke hannunta.

Na ce, "Inna, an ce ƙafa na ciwo."

Ta ce, "Mutane da surutu. Ɗan ƙarce ne, mi za a gani a ciki?"

Na ce mata ni dai ba inda zan je sai na gani, in ma kwana za a yi a nan sai a yi. Ta san halina, don a wurinta na ɗebo taurin kan. Sai ta kira matar ƙanena ta kwance mata tsumman, wai ita ake nuna wa, ni na dai faɗo a wurin ne. Ciwon ya kai faɗin bakin kofin shayi, ya yi rami, gefensa ya tashi ya yi tauri, cikinsa kuma wani baƙin ɓawo ne na toka da bagaruwa da ruwan miki da suka haɗu suka daskare. Warin ya sa na haɗiye miyau. Gyambo ne sosai.

Ba wani zaɓi sai ta biyo ni. Ƙannena mata duk suna aure a nesa, ƙanena yana can bakin madatsar ruwan Zobe yana noman rani, matarsa cikinta ya tsufa, ni kuwa gidana da asibiti tafiyar ƙafa ce. Amma a ce uwa ta tare a gidan 'yar fari, gidan suruki, wannan a wurin Inna ya fi gyambon zafi. Sai da ƙanena ya haɗa ta da Allah sannan ta yarda, ta kuma kafa sharaɗi tana duban katanga: "Ruwan farko in ya sauka, a Tamawa za ya ishe ni. Ta warke ko ba ta warke ba, ni za ni shuka gyaɗata da hannuna." Na ƙirga a raina, wata uku ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Na kuma san in ta koma da buɗaɗɗen ciwo ta shiga laka da taki, ƙafar ba za ta ga wata damina ba.

Nas ɗin da ta karɓe mu wata mace ce mai matsakaitan shekaru, mai saurin hannu da saurin baki. Ta gwada jinin Inna ta ce ba suga, muka yi hamdala. Sannan ta sa almakashi da auduga ta kankare baƙin ɓawon nan tas, har jini ya tsattsafo. Inna ko uffan, sai goshinta da ya jiƙe. Nas tana aiki tana faɗa, wai mu mutanen ƙauye gani muke ciwo in ya bushe ya warke, alhali busasshen sama rufin banza ne, ƙarƙashinsa ɓarna ke ci. Ta ce ciwo mai rami daga ƙasa yake cikowa, nama ya taso tukuna, sannan fata ta rarrafo daga gefe ta rufe shi, kuma fata ba ta rarrafe a kan mataccen nama ko busasshiyar toka. Abin da yake so tsabta, da ɗan danshi, da rufi, da a ɗaga ƙafar. In an bar shi kuwa zai ci har ƙashi, daga nan sai Katsina, sai wuƙa. Ta ɗauko wata farar leda ta ɗora a kan ciwon ta zana iyakarsa da biro, ta ce duk mako mu dawo a gwada. Wankin kullum kuwa ni ta koya wa, don ba wanda zai yi sai ni.

Washegari da hantsi na tafasa ruwa da ɗan gishiri na bar shi ya huce, na wanke hannuna har gwiwa, na shiga ɗakin da muka sauke ta. Na ajiye kujera 'yar tsugune na zauna. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wajen bango, ta miƙo ƙafar kamar ba tata ba. Na ɗora diddigenta a cinyata. Iya sanina, ranar ce na fara taɓa jikin mahaifiyata. Ƙafar ba nauyi, diddigen duk faso, kuma yatsan da ke bin babban ya ɗara shi tsawo, daidai irin nawa, abin da ƙawayena suka yi ta yi mini tsiya a kansa a makarantar kwana. Ban san inda na samo shi ba sai ranar. Na goge ciwon daga tsakiya zuwa waje yadda aka nuna mini, na sa magani, na rufe, na naɗa bandeji daga yatsu zuwa sama.

Inna ta ce wa bango, "A riƙa yi a hankali, mai ƙafar na da rai."

Na ce wa bangon, "To, an ji."

Haka muka ci gaba, mu uku da bango.

Tsakaninta da maigidana kuwa abin dariya ne. Shi mutumin cikin gari ne, ɗan gidan 'yan hatsi, bai saba da irin tamu kunyar ba, amma ya ɗauke ta da gaske har ya wuce mu. Tun daga zaure yake fara gyaran murya, Inna ta ja ƙafa ta shige ɗaki da saurin da ban san gyambo na bari a yi ba. Ya cire takalmi ya tsuguna a bayan labule ya gaishe ta, ta amsa can ƙasan maƙoshi, ya tashi ya fice kamar shi ne baƙon. Abin da ya iya yi mata shi ne cefane, ya kuwa yi. Yau nama, gobe kifin Zobe, jibi hanta, ga madarar gwangwani ga lemo. Ni ma na zage na nuna gwaninta, ina dafa shinkafa da miya mai kyau in zuba a kwanon da ya fi kowanne kyau a gidan in kai mata.

Kwanon yakan dawo da ɗan rami a gefe guda, loma biyu ko uku. In na yi magana ta ce ta ƙoshi. Ƙwai ta ce yana kawo mugunya, miyar gyaɗa ma haka, madara ma haka, kifi kuwa ita tun da take ba ta ci. Abin da take sha da gaske kokon safe ne, tsararo, sai goro. Ni kuma, Allah ya yafe mini, abin har burge ni yake yi. Ina zuwa makaranta ina ba malamai 'yan'uwana labari, wai Innata akwai fulako, kunyar nan ta Fulani, mako biyu a gidan suruki ba wanda ya ga tana tauna. Suna jinjina kai, ina jin daɗi. Da kwanon ya dawo a cike sai in ce girkin ne bai yi mata ba, gobe in ƙara mai in ƙara nama.

A mako na uku nas ta ɗora ledarta, zanen ya zauna daidai inda yake tun ranar farko. Ciwon ya yi tsabta, warin ya tafi, amma cikinsa fari-fari ne, a kwance, ba alamar tasowa. Ta ja fatar idon Inna ƙasa ta duba, ta kama damtsenta ta saki, sannan ta juyo gare ni.

"Malama, me take ci?"

Na fara jero mata nama da kifi da hanta, har da ɗan alfahari.

Ta ce, "Ban tambaye ki me kike dafawa ba. Me yake shiga cikinta?"

Ta ce wankina ba laifi, maganin ma ba laifi, amma magani ba ya zama nama. Jiki da abin da aka ci yake gina sabon nama da sabuwar fata, in ba a ba shi ba haka zai zauna, kamar magini ne aka kira ba a kawo masa ƙasa ba. Ta ce ƙwai da wake da gyaɗa da nono su ne ma abin da ciwon yake nema, mugunya ƙazanta ke kawo ta. Ta faɗa da ƙarfi don Inna ta ji, Inna kuwa tana ta nazarin silin.

Da muka koma gida na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga wa Inna murya. Na ce so take a yanke ƙafar? So take a ce a gidana ta lalace? Na dire mata kwanon dafaffen ƙwai na ce sai ta cinye ina tsaye. Kuskure ne babba, don ko lafiyarta lau ba za ta ci abu ina tsaye a kanta ba. Ta tura kwanon gefe da bayan hannu, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Magani na zo, ban zo ci ba. A haɗa mani kayana, gobe in tahi gida." Na fita na shiga madafa na zauna a kan turmi na yi kuka mai isata, rabi na tsoro rabi na haushi. Ga abinci har ana zubarwa, ga uwata tana ramewa a gabana, kuma ni da karatuna na rasa yadda zan haɗa su.

A haka uwar mijina ta same ni. Hajiya mace ce mai jiki da dariya, ta tsufa a cikin awo da buhuna, ba ta iya magana a hankali ba ko a gidan makoki. Ta zo duba Inna ne da 'yar ledar lemo. Na share ido na ba ta labari, ta saurara tana kallon kwanukan da na jera, sannan ta kama haɓa.

Ta ce, "Ke dai malama ce a makaranta kawai. Matar ga kike so ta zauna ta ci naman da surukinta ya saya, a kwanon ɗiyarta ta fari? Ai duk ƙarin naman da kike yi ƙara ɗaure mata baki kike. Tana da rumbu a Tamawa?"

Na ce tana da shi, har biyu, da kaji, da saniya guda.

Ta ce, "To tashi ki wanke ido, kuma kada ki sa mani baki."

Ta shiga ɗakin Inna da sallama, aka gaisa gaisuwar surukai mai tsawo, ina rakuɓe a bakin ƙofa. Ba ta ko ambaci ƙafa ba. Sai ta hau ƙorafin cikinta, wai kwana biyu ba ta jin daɗinsa, kuma ta san dalili, hatsin kasuwa ne. Ta ce ita da ta tsufa a sana'ar ta san irin garin maganin ƙwari da ake zuba wa buhuna, waken ma in ka dafa har ɗaci-ɗaci yake yi. Mijinta da 'ya'yanta dai da hatsin nan suke ci da gida, amma ranar ta zage shi tas ba ko ƙyaftawa. Daga nan ta gyara zama.

"Ni abin da ya ba ni mamaki, ke da kike da gero mai tsabta a rumbu, da wake, da gyaɗa, ki zo ki zauna kina kallonmu muna cin wanga abu? Ɗana na ci, ni ina ci. Haba, ai ko ɗan dandano a sammana."

Na ga Inna ta motsa. An juya mata kunyar ta koma ɗaya gefen, yanzu ita ce mai abu ta hana. Ta yi 'yan kame-kame, ta ce ai ba ta san ana so ba, geron ƙauye ne. Da Hajiya ta tafi, ba a sake maganar haɗa kaya ba. Sai ji na yi an ce wa bango, "A kira yaron can a waya. Shi aiko da gero buhu guda, da waken da ke cikin tulu, da gyaɗa. A kamo kajina huɗu, ban da mai kwanci. In saniyar na ba da wani abu a riƙa aiko da nono ranar kasuwa."

Kwana biyu motar Kurfi ta sauke kaya a ƙofar gida, kaji na kuka. Daga ranar gidana ya fita daga hannuna. Inna ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar baranda, ƙafa a kan matashi, buhuna a gefenta. Ita ke auna abin da za a dafa da ƙwaryarta, ita ke cewa waken bai nuna ba, ita ke raba tuwo, ta cika kwanon maigidana ta ce a kai "ma mai gidan". Hajiya kuma ta mai da gidan wurin cin abincin ranarta. Takan zauna a gaban kwano ɗaya da Inna ta naɗe hannu, ta ce ita ba ta iya ci ita kaɗai a gaban mai abinci, sai Inna ta sa hannu. Ni dai nakan ɓace daga wurin, in shiga ɗaki in yi kamar ina duba littattafan yara, ina jin ƙarar cokali a ƙwaryar fura. Ƙwai ne ya so ya gagara, sai Hajiya ta ce kajin suna ta zubawa, zafin nan kuma zai lalata su a banza. Inna ta tsani almubazzaranci fiye da yadda take tsoron mugunya. Ta fara da ɗaya, wai don kada a zubar.

Wajen kwana goma bayan haka na buɗe bandeji na ga abin da ban taɓa gani ba. Ƙasan ramin ya yi ja, jan gaske, da wasu ƙananan ƙwayoyi masu sheƙi a jere, in auduga ta taɓa su sai ɗan jini ya fito. Na tsorata na ɗauka ɓaci ya yi, na ja Inna sai asibiti ba ranar zuwanmu ba. Nas ta duba ta yi dariya, ta ce wannan shi ne naman da muke jira, jinin kuma alamar hanyoyin jini ne sababbi suka tsiro, in dai riƙa shafawa a hankali kada in goge su. Ta dubi Inna ta ce, "Inna, an fara ci ke nan." Inna ta ce wa ƙofa ita ba ta san zancen ba.

Daga nan kullum da abin da zan gani. Ramin ya riƙa cikowa har ya zo daidai da sauran ƙafar. Gefen nan mai tauri ya kwanta. Sai wani siririn zobe ya bayyana a kewaye, fari-fari mai ɗan ja, marar kauri kamar yanar kunu, wai ita ce sabuwar fata. Ba a ganin tafiyarta, amma duk mako zanen biro a ledar nas yana faɗawa cikin na baya. Daga bakin kofi ya koma murfin kwalba. Sai ƙaiƙayi ya zo, wanda nas ta ce alheri ne, Inna kuma ta ce azaba ce. Wata rana na kama ta tana zura tsinken tsintsiya ƙarƙashin bandeji, ban san lokacin da na buge mata hannu ba. Can sai na ga mayafin yana girgiza, ashe dariya take yi.

Wankin da a da ake yi shiru ya zama lokacin hira, ko da yake har lokacin da bango ake yi. Ta ba shi labarin shekarar da fari suka cinye gero, da yadda ta koyi tatsa, da rigimar da ta taɓa yi da mahaifina, Allah ya jiƙansa, a kan wata tunkiya. Wata safiya ina cikin naɗa bandeji ta ce, "An yi wata yarinya, da aka yaye ta aka kai ta ɗakin kakarta, kwana uku tana kuka ba ta karɓi koko ba. Akwai wata mata, nan bayan danga take tsayawa da tulu a kai, kamar mai zuwa rijiya. Nono na zuba har zane shi jiƙe. Ba dama ta shiga, mutane na kallo." Sannan ta ce, "Bandejin ga ya yi tsauri." Bai yi tsauri ba, amma na kwance na sake naɗawa, don idona ya cika ban ga abin da nake yi ba.

A nan ne na kama kaina da wani hali da sai yanzu nake iya faɗa. Na fara jan aikin. Abin da minti goma ke gamawa sai in kai rabin awa, in wanke yatsu ɗaya bayan ɗaya, in shafa wa diddige man kaɗanya, in gyara abin da ba ya son gyara. Ranar da ciwon ya koma kamar ƙwayar wake na yi murna a gaban nas, a hanyar gida kuma murnar ta gudu ta bar ni. Ni da na yi ta roƙon Allah ya rufe ciwon nan kafin ruwa, sai ga ni ina kallon hadarin da ya fara haɗuwa a gabas ina kallon ƙafar, ban san wanne nake so ya jinkirta ba. Na san in ya rufe, ƙafar za ta koma ƙarƙashin zane, ni kuma in koma "ta Dutsin-Ma".

Ciwon ya riga ruwa da kwana biyu. Nas ta cire bandeji ta danna wurin da yatsa, ta ce an gama. Tabon ya fito sumul, mai sheƙi, ya fi sauran fatar haske. Ta ce zai yi duhu a hankali, amma gashi ba zai sake fitowa a wurin ba, kuma ba zai taɓa kai tsohuwar fata ƙarfi ba, don haka a riƙa shafa mai, a kiyaye shi daga bugu da kara. Ta yayyage ledarta ta jefa a kwandon shara. Inna ta yi mata godiya da addu'a mai tsawo, har da ɗaga ido ta dube ta. Kwana biyu bayan nan aka yi ruwa mai ƙarfi da la'asar, ƙanena ya kira ya ce Tamawa ma ta samu, ƙasa ta jiƙu, kowa ya fita shuka. Aka yi magana da mai mota zai zo da safe.

Da safen na tashi na ɗora tukunyar ruwa na jefa gishiri, sai da ta fara tafasa na tuna ba sauran abin wankewa. Na sauke ta. Inna ta riga ta ɗaure kayanta, an kama kaji an ɗaure musu ƙafa, sauran gero ta ce a bar wa Hajiya. Maigidana ya yi sallamarsa daga bayan labule, an yi masa addu'a. Mai mota ya iso yana danna oda a ƙofar gida. Na shiga ɗaki in ɗauko ƙullin kayan, sai na tarar da ita zaune a kan tabarma, ta jawo kujera 'yar tsugune ta ajiye a inda nake zama. Ta ja mayafi, ta juya wajen bango, ta miƙo ƙafar.

Ta ce, "A diba mani gefen nan. Kamar bai gama kamewa ba."

Na zauna na ɗora diddigen a cinyata. Na duba gefen da ta ce, na duba ɗaya gefen, na bi tabon da yatsa. Fata ce lafiyayya, a rufe ruf, ko tsagar gashi babu. Mai mota ya sake danna oda.

Na ce, "Eh, da ɗan saura."

Ta ce, "To a ce ma mai mota shi tahi. Yaron can shi shuka mani gyaɗar, ya san wurin."

Na fita na sallami mai mota, na kwance kajin, na mai da tukunyar kan wuta.